Ɗan garuwan da ke iya tsugunawa amma ya kasa tura kura: nazari kan tsokoki masu gaɓa ɗaya da masu gaɓa biyu

Mutumin da wannan nazari ya shafa ɗan garuwa ne mai kimanin shekara 47, wanda ya daɗe yana zuwa ci-rani birnin Kano, inda yake tura kurar ruwa a unguwannin da ke gindin Dutsen Dala. Kurar ta haya ce, tana ɗaukar jarka 12 masu cin lita 25 kowacce, wato kilo 300 na ruwa zalla kafin a lissafa nauyin ƙarfen kurar, kuma a lokacin bazara, sa'ad da rijiyoyi suke ƙafewa ruwa ya yi daraja, yakan yi sawu bakwai ko takwas tsakanin burtsatse da gidajen masu saye. An sakaya sunansa da garinsu. Ya zo sashen gashin ƙashi da nake aiki a farkon watan Afrilu, mako huɗu bayan ya ji ciwo a sha-raɓar ƙafarsa ta dama, kuma abin da ya sa na ga lamarinsa ya cancanci a rubuta shi ne yadda ciwon yake ɓuya idan gwiwa ta lanƙwashe, ya bayyana idan ta miƙe.

Yadda abin ya faru

Wata rana bayan la'asar yana hawa wani lungu mai tudu da kura cike, sai taya ɗaya ta faɗa bakin kwata ta cije. Ya yi abin da kowane mai tura kaya yake yi, ya kafa ƙafar dama can baya, gwiwa a miƙe, diddige a ƙasa, ya ɗora ƙirjinsa a kan hannun kurar ya yunƙura da iya ƙarfinsa. Nan take ya ji kamar an jefe shi da dutse a sha-raɓa, har ya waiwaya don ya ga yaron da ya yi jifan, lungun kuwa ba kowa. Wannan bayani, na jin duka daga baya alhali babu wanda ya yi dukan, sananne ne ga duk wanda ya saba duba masu yagewar tsokar sha-raɓa ko tsinkewar agara, amma a wurin abokan kwanansa ma'ana ɗaya gare shi: mutumin da aka jefa ba a ga mai jifan ba, ai jifa ne irin wanda ake nema wa addu'a da hayaƙi.

Bayan kwana uku kumburi ya sauko idon sawu, fatar gefen diddige ta yi duhu, sai aka kai shi wurin wani maɗori. Maɗorin ya laluba ƙashi ya ce babu karaya, kuma gaskiya ya faɗa. Sai dai ya ɗauki abin a matsayin targaɗen idon sawu, ya ja ƙafar, ya tanƙwara ta sama da gwiwa a miƙe, ya ɗaure. Ban ga abin zargi mai yawa a nan ba, domin ido inda kumburi yake nan yake zuwa, kuma jinin da ya zuba daga tsokar da ta yage a tsakiyar sha-raɓa gangarowa yake yi ƙarƙashin fata har ya taru a idon sawu, nesa da inda ɓarnar take. Amma jan da aka yi shi ne ainihin motsin da ke buɗe bakin yagewar.

Da aka yi mako biyu da 'yan kwanaki zafin ya lafa, sai ya gwada kansa da ma'aunin da ya sani. Ya tsuguna ya yi alwala ba tare da jin komai ba, ya yi sujada ya zauna tahiya ya tashi lafiya, ya ce ya warke. A sawunsa na biyu ranar da ya koma aiki, a kan wani tudun da bai kai na farko ba, wurin ya sake ɗaukar zafi, ya bar kurar a hannun wani ɗan'uwansa ya koma masauki yana ɗingishi.

Abin da aka gani a dubawa

Tafiyarsa ta fara ba da labari tun kafin ya hau gado. Yana karkata tafin ƙafar dama waje, ba ya barin gwiwar ta miƙe sosai, kuma idan ƙafar hagu za ta wuce gaba sai ya taƙaita takun, don kada ta dama ta tsaya a baya a miƙe. Da na bi sha-raɓar da yatsa, zafin yana gefen ciki, daidai inda tudun tsokar yake ƙarewa ya koma jijiya, kuma akwai ɗan lotsawa a wurin. Na kwantar da shi rub-da-ciki na matse sha-raɓar, tafin ƙafar ya motsa ƙasa, alamar agara ba ta tsinke ba. An yi masa sikanin saboda dalili biyu: a ga yagewar, a kuma tabbatar babu gudan jini da ya toshe jijiyar jini ta cikin ƙafa, domin wannan cuta tana kama da yagewar tsoka, wani lokaci ma tana biyo bayanta, kuma tana iya kisa idan gudan ya ɓalle ya tafi huhu. Jijiyoyin jinin lafiya suke. An ga yagewa a gefen ciki na tsokar sama daga cikin tsokoki biyu na sha-raɓa, da ɗan ruwa kwance tsakaninta da tsokar da ke ƙarƙashinta.

Gwajin da ya fi komai amfani ba ya buƙatar na'ura. Na kwantar da shi rigingine, na lanƙwasa gwiwar, na tura tafin ƙafar sama wajen ƙwauri, ya tafi kimanin digiri 20 ba tare da ya ko yamutsa fuska ba. Na riƙe tafin a nan, na fara miƙe gwiwar a hankali, kafin ta gama miƙewa ya damƙe gefen gado. Idon sawun bai motsa ba, gwiwa kawai na taɓa, amma sha-raɓa ce ta amsa. Haka nan a zaune yana iya ɗaga diddige ko da na danna gwiwarsa da hannu biyu, amma a tsaye da gwiwa a miƙe ya kasa yin ɗage a kan ƙafar ko sau ɗaya.

Ya ce mini, "Likita, ciwon nan rainin hankali gare shi. In na tsuguna sai ya tafi, in na miƙe sai ya dawo." Na ce masa, "Malam, tsoka biyu ce a wurin, ɗaya lafiyarta ƙalau, kuma ita kake tambaya duk lokacin da ka tsuguna."

Gwajin tura tafin ƙafa sama da gwiwa a lanƙwashe sannan a miƙe yana ɗauke da sunan Nils Silfverskiöld, likitan ƙashi ɗan ƙasar Suwidin, wanda ya bayyana shi a 1924 a aikinsa kan masu sandarewar tsoka. Na maimaita shi a ƙafar hagu, wadda ba ta ji ciwo ba, na samu abin da ban yi tsammani ba: da gwiwa a lanƙwashe tafin yana tafiya digiri 25, da gwiwa a miƙe kuwa da ƙyar ya kai 5, alhali tafiya ta yau da kullum tana buƙatar kimanin digiri 10. Ke nan tsokar saman tasa a ɗaure take a ƙafafu biyun tun kafin tayar ta faɗa kwata.

Tsoka biyu, agara ɗaya

Naman sha-raɓa da muke gani kamar dunƙule ɗaya tsokoki biyu ne manya a kan juna. Ta ƙasa, wadda ake kira soliyas, tana farawa ne daga bayan ƙasusuwan ƙwauri guda biyu, ƙasa da gwiwa, ta gangara ta shiga agara, saboda haka gaɓa ɗaya take tsallakawa, wato idon sawu, kuma ba ruwanta da halin da gwiwa take ciki. Ta sama, gastiroknimiyas, kai biyu gare ta, kuma dukansu suna kama ƙarshen ƙashin cinya ne, sama da gwiwa, su bi ta bayan gwiwar su gangara su haɗu da soliyas a agara ɗaya da ke kama ƙashin diddige. Gaɓa biyu ke nan take tsallakawa. Wanda ya taɓa ɗaura igiyar shanya tsakanin sanduna biyu ya san cewa idan sanda ɗaya ta sunkuyo igiyar saki take yi, ko da ba a taɓa ɗaya sandar ba. Lanƙwasa gwiwa sunkuyowar sanda ce ga gastiroknimiyas. A tsugune tsokar a sake take, ba ta jan komai kuma ba a jan ta, soliyas ce take ɗauke da aikin, kuma soliyas ba ƙaramar tsoka ba ce: idan aka auna kaurin zarurrukanta tana cikin mafiya ƙarfi a ƙafa gaba ɗaya, kuma galibin zarurrukan nata masu jure gajiya ne.

A ganina wannan ne ma ya bayyana abin da aka samu a ƙafar hagu. Mutumin da ya tashi yana tsugunawa wajen alwala da cin abinci da hira a bakin burtsatse, soliyas ɗinsa kullum cikin miƙewa take, shi ya sa diddigensa yake zama daram a ƙasa idan ya tsuguna, abin da yawancin masu zaman kujera ba sa iyawa. Amma tsuguno ko na shekara nawa ne ba ya miƙe gastiroknimiyas, sai mutum ya yi zaton ƙafarsa a sake take alhali rabin sha-raɓarsa a ɗaure yake.

Wannan tsari na haɗa mai gaɓa ɗaya da mai gaɓa biyu bai tsaya a sha-raɓa ba. A gaban cinya tsokoki huɗu ne suke haɗuwa a ƙoƙon gwiwa, uku daga cikinsu, waɗanda ake kira fastas, daga ƙashin cinya suke farawa, aikinsu miƙe gwiwa kawai, ta huɗun kuwa, rektas femoris, daga ƙashin ƙugu take tasowa, tana miƙe gwiwa tana kuma ɗago cinya gaba. A baya akwai babbar tsokar mazaunai da ke miƙe ƙugu, sannan tsokokin bayan cinya da ke tasowa daga ƙashin da ake zama a kansa su tsallaka har ƙasa da gwiwa, suna miƙe ƙugu suna lanƙwasa gwiwa. Duk mai yin ruku'u da gwiwa a miƙe ya san su, domin su ne suke ja a bayan cinya, kuma da zarar ya ɗan saki gwiwa sai jan ya ragu.

Tambayar da ta daɗe tana damun masana ita ce amfanin tsokar da take gyara gaɓa ɗaya tana ɓata ɗaya. Mai tashi daga zaune yana buƙatar ƙugu da gwiwa su miƙe tare, amma rektas femoris tana miƙe gwiwa tana lanƙwasa ƙugu, tsokokin bayan cinya kuma suna yin akasin haka, ga shi kuwa duka biyun suna aiki a lokaci guda kuma mutum yana tashi. Warren Lombard, masanin aikin jiki a Jami'ar Mishigan ta Amurka, ya yi bayanin wannan a 1903 bayan nazarin ƙafar kwaɗo, kuma har yau da sunansa ake kiran wannan ɗaurin gwarmai. Warwararsa tana cikin nisan da ke tsakanin kowace tsoka da tsakiyar gaɓar da take juyawa. Tsokokin bayan cinya sun fi nisa da tsakiyar ƙugu a kan tsakiyar gwiwa, don haka sun fi tasiri a ƙugu, rektas femoris kuwa, saboda ƙoƙon gwiwa da ke tura jijiyarta gaba, ta fi tasiri a gwiwa. Kowacce ta yi rinjaye a inda ake son miƙewa.

Bayanin da ya fi kusa da lamarin ɗan garuwan nan shi ne na Gerrit Jan van Ingen Schenau da abokan aikinsa a Amstadam ta ƙasar Holan, waɗanda suka yi nazarin tsalle da tuƙa keke a shekarun 1980 da farkon 1990. Sun nuna cewa manyan tsokoki masu gaɓa ɗaya, irin na mazaunai da fastas, su ne suke samar da galibin ƙarfin, masu gaɓa biyu kuma suna ɗaukar ƙarfin daga gaɓar sama su kai shi ta ƙasa, suna kuma daidaita inda ƙarfin zai dosa. Idan fastas suka miƙe gwiwa da ƙarfi, ƙarshen ƙashin cinya yana jan kan gastiroknimiyas, idan kuma tsokar ta ƙi saki sai jan ya bi ta agara ya ɗaga diddige. Ta haka ƙarfin da aka samar a cinya, inda nama yake da yawa, yake isa tafin ƙafa ba tare da an tara nama mai nauyi a ƙwauri ba. Mai tura kura kuma ba sama yake son zuwa ba, ƙasa yake son ya tura baya, kuma tsokokin bayan cinya ne suke karkata ƙarfin ƙafar zuwa can. Wannan rabon aiki ba yankan wuƙa ba ne, domin masu gaɓa biyu su ma suna samar da ƙarfi nasu, amma yana taimaka wa mai duba majinyaci ƙwarai. Ko a tafiya ta yau da kullum tsokokin sha-raɓa biyun sun sha bamban: nazarin da Neptune da Kautz da Zajac suka yi da kwamfuta a 2001 ya nuna cewa duka biyun suna tallafe jiki, amma a ƙarshen taku soliyas tana tura gangar jiki gaba, gastiroknimiyas kuma tana ba ƙafar ƙarfin da za ta ɗaga ta wuce.

Da wannan za a iya komawa lungun a ga abin da ya faru. Ya yunƙura, mazaunai da fastas suka miƙe ƙugu da gwiwa, ƙarfin ya gangaro ta gastiroknimiyas don ya ɗaga diddige ya tura kurar. Kurar ta ƙi motsi, nauyinta a kan tudu ya danne diddigen ƙasa. Tsokar da tun asali a ɗaure take ta samu kanta ana jan ta daga sama da ƙasa a lokacin da ita kanta take ƙoƙarin tsukewa, sai ta yage a inda nama yake haɗuwa da jijiya. Soliyas, wadda ja ɗaya kawai ya same ta, ta tsira. Ba mamaki ba ne cewa tsokokin da suka fi yagewa a ƙafa su ne masu gaɓa biyun nan: na bayan cinya ga masu gudu, rektas femoris ga masu buga ƙwallo, gastiroknimiyas ga masu matsakaicin shekaru da suka yunƙura farat ɗaya.

Magani da komawa aiki

Tsarin maganin ya bi gwiwa ne daga lanƙwasa zuwa miƙewa. A kwanaki goma na farko an hana ja da murza, an ɗaure sha-raɓar da bandeji mai roba, an kuma yanka robar tsohon silifa mai kaurin kusan santimita 2 aka sa ƙarƙashin diddige a takalma biyun, don tsokar ta ɗan saki idan yana tafiya ba tare da ƙugu ya karkace ba. Tun ranar farko ya fara ɗaga diddige a zaune da jarka a kan gwiwa. A nan sana'arsa ta yi mana rana, domin lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma ba a taɓa ba ni majinyacin da ya fi shi sanin nauyin abin da ya ɗauka ba. Ya fara da lita 10, ya kai jarka cike a cikin mako biyu. Wannan ya kiyaye ƙarfin soliyas, ya kuma sa jini yana gudana a ƙafar, amma na yi ta nanata masa cewa ci gaban da yake gani a zaune ba shaidar warkewa ba ce, tsohon ma'auninsa ne ya dawo da sabuwar riga.

Daga mako na biyu ya koma yin ɗage a tsaye da ƙafa biyu, gwiwa a ɗan sake, sannan a miƙe, sannan ya riƙa hawa da ƙafa biyu yana sauka a hankali da ta dama kaɗai a bakin dakali, diddige yana wuce bakin dakalin zuwa ƙasa. Sai a mako na huɗu aka fara miƙe tsokar a jikin bango, ƙafa a baya, gwiwa a miƙe, diddige a ƙasa, wato tsayuwar da ta ji masa ciwo, amma ba kaya kuma ba fizga, kuma a ƙafafu biyun. Sharaɗin da na gindaya na komawa aiki shi ne ya yi ɗage sau 20 a kan ƙafar dama kaɗai da gwiwa a miƙe ba zafi, sannan ya tura kura ba kaya, sannan da jarka 4, sannan 8, duk a shimfiɗaɗɗiyar hanya kafin a je tudu.

Bai bi wannan tsari yadda aka rubuta ba, kuma ban yi tsammanin zai bi ba. Kuɗin hayar kura ba ya jiran tsoka ta warke, ɗan'uwan da yake tura masa kuma rabi yake ba shi. A mako na biyar, yana iya ɗage sau 11 kawai, ya sanar da ni cewa ya koma da jarka 6. Maimakon jayayya sai muka zauna muka gyara yadda yake turawa: gajerun taku a kan tudu, gwiwar ƙafar baya a ɗan lanƙwashe don nauyin ya koma kan soliyas da fastas, kuma idan taya ta cije ya ja kurar baya ya sake hanya ko ya sauke jarka biyu, kada ya yunƙura. Ya koka cewa turawa da gwiwa a lanƙwashe tana gajiyar da cinya, kuma gaskiyarsa ne, domin ƙarfin da a da yake wucewa ta gastiroknimiyas a sauƙaƙe yanzu tsokoki masu gaɓa ɗaya ne suke biyan kuɗinsa.

Na gan shi na ƙarshe a tsakiyar watan Yuni, mako goma da fara magani. Ɗingishin ya tafi, yana ɗage sau 18 a dama da 24 a hagu, kaurin sha-raɓar dama ya gaza na hagu da kusan santimita 1, kuma tudun tsokar na gefen ciki ya ɗan ja sama, abin da kan zauna haka bayan irin wannan yagewa ba tare da ya hana aiki ba. Da gwiwa a miƙe tafin dama yana kaiwa digiri 8, na hagu 10. Yana ɗaukar jarka 12 a hanyoyin da ba tudu, 10 a lungunan gindin dutsen. Ya ce ruwan sama ya sauka a garinsu, zai mayar da kurar ga mai ita ya tafi gona. Da yake noma da fartanya sunkuyo ne na tsawon yini da gwiwa kusan a miƙe, wanda ke jan tsokokin bayan cinya da gastiroknimiyas tare, na nuna masa yadda zai riƙa ɗan sakin gwiwa a kan kunya, na kuma ce ya ci gaba da miƙewar jikin bango safe da yamma, ya dawo a duba shi idan ya shigo Kano bayan kaka kafin ya sake karɓar kura.